Yadda adawar siyasa ta rikiɗe ta koma ƙiyayya: Darussa daga binciken Farfesa Shanto Iyengar

A shekarar 1960 wasu masana kimiyyar siyasa sun yi wa Amurkawa wata tambaya da ta shafi cikin gida: idan ɗanka ko 'yarka suka kawo wanda za su aura, sai aka tarar mai goyon bayan jam'iyyar da kake adawa da ita ne, ranka zai ɓaci? Kashi 5 cikin 100 kacal na magoya bayan jam'iyyar Republican ne suka ce ransu zai ɓaci, a ɓangaren jam'iyyar Democrat kuwa kashi 4. Da aka sake yin irin wannan tambaya a 2010, bayan shekara 50 ke nan, kashi 49 na 'yan Republican da kashi 33 na 'yan Democrat suka ce ba za su ji daɗin wannan aure ba.

Wanda ya jera waɗannan alƙaluma wuri guda, har masana suka tsaya suka dube su da kyau, shi ne Farfesa Shanto Iyengar na Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya, a wata maƙala da ya wallafa tare da ɗalibansa biyu a 2012. Kafin wannan lokaci ya shafe fiye da shekara 30 yana nazarin yadda kafofin yaɗa labarai ke sarrafa tunanin masu zaɓe. Bin sawun aikinsa daga farko yana nuna yadda tambayar da masana ke yi ta sauya: da farko ana tambayar me labarai ke yi wa mai kallo, daga baya aka koma tambayar me jam'iyyar mutum ke yi wa zuciyarsa game da maƙwabcinsa. Babban abin da ya tabbatar shi ne saɓanin ra'ayi daban, ƙiyayya daban, kuma kowannensu ana iya auna shi.

Filin da ya tarar

Iyengar ya yi digirin digirgir a fannin kimiyyar siyasa a Jami'ar Iowa, sannan ya ƙara samun horo a fannin halayyar ɗan'adam cikin jama'a a Jami'ar Yale. Ya koyar a Jami'ar Jihar New York da ke Stony Brook da kuma Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles kafin ya koma Stanford, inda yake jagorantar cibiyar binciken sadarwar siyasa. Horon da ya samu a Yale shi ne ya bambanta shi da yawancin takwarorinsa, domin masana halayyar ɗan'adam sun saba da gwaji irin na ɗakin kimiyya, alhali masana siyasa na wancan zamani sun fi dogara da tambayar jama'a ra'ayinsu.

A lokacin da ya shiga wannan fage, ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne tasirin kafofin yaɗa labarai a kan masu zaɓe bai taka kara ya karya ba. Tushen wannan ra'ayi shi ne binciken da Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka yi a wata gunduma ta jihar Ohio lokacin zaɓen shugaban ƙasa na 1940. Sun riƙa komawa wurin mutane iri ɗaya wata bayan wata, suka tarar ƙalilan ne jarida da rediyo suka sauya musu ɗan takara. Yawanci abin da suka ji ƙara musu ƙarfi ya yi a kan abin da suke kai tun farko. A 1960 Joseph Klapper ya tattara irin waɗannan bincike a littafi guda, maganar ta zauna daram.

An fara jin wata murya dabam a 1972, lokacin da Maxwell McCombs da Donald Shaw suka nuna cewa batutuwan da masu zaɓe a garin Chapel Hill suka ɗauka da muhimmanci a zaɓen 1968 su ne batutuwan da kafofin labarai suka fi yawan kawowa. Sai dai akwai giɓi a hujjar. Ta yiwu 'yan jarida ne suka ja hankalin jama'a zuwa batutuwan, ta kuma yiwu 'yan jaridar ne ke bin abin da ya riga ya dami jama'a. Tambayar ra'ayi kawai ba za ta raba wannan gardama ba.

Labaran da aka yi wa kwaskwarima

Dabarar da Iyengar da abokin aikinsa Donald Kinder suka ɓullo da ita a farkon shekarun 1980 mai sauƙin fahimta ce. A wancan zamani yawancin Amurkawa daga tashoshi uku suke kallon labaran yamma: ABC da CBS da NBC. Masu binciken sun gayyato mutanen gari, suka raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, domin kada wani rukuni ya bambanta da wani tun daga farko. Kowace rana ana nuna musu labaran daren jiya, ba tare da sun san an cire wasu rahotanni an saka wasu ba. Wani rukuni aka yawaita masa rahotanni kan raunin tsaron ƙasa, wani kan gurɓatar muhalli, wani kan rashin aikin yi, wani kuma aka bar masa labaran yadda suke. Ana tambayarsu ra'ayinsu kafin a fara da kuma bayan an gama, cikin kusan mako guda.

Sakamakon ya fito fili. Batun da aka yawaita wa mutum shi yake ɗauka a matsayin babbar matsalar ƙasa. Rahoton da aka buɗe labarai da shi ya fi wanda ya zo a tsakiya tasiri. Waɗanda ba su cika bin harkokin siyasa ba sun fi saurin karkata. Tun da ƙuri'a ce ta raba rukunonin, babu abin da za a jingina wa bambancin sai labaran da suka kalla.

Sun kuma gano abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi a siyasa. Batun da labarai suka nanata shi ne ma'aunin da mai kallo ke ɗauka ya auna shugaban ƙasa. Wanda aka cika wa kunne da maganar tsaro, da tsaro zai auna shugaba. Wanda aka cika wa da tsadar rayuwa, da farashin kaya zai auna shi. Misalin da ake yawan bayarwa shi ne na Shugaba Jimmy Carter. Ranar zaɓen 1980, wato 4 ga Nuwamba, ta zo daidai da cika shekara guda da kama Amurkawa a ofishin jakadancin ƙasarsu da ke Tehran, kuma kwanakin ƙarshe na yaƙin neman zaɓe labarin waɗanda ake garkuwa da su ne ya mamaye tashoshi. Carter ya sha kaye a hannun Ronald Reagan. Akwai wasu dalilai, musamman hauhawar farashi, amma masu zaɓe sun shiga rumfa da wannan rauni nasa a gaban idonsu.

An tattara waɗannan gwaje-gwaje a littafin News That Matters na 1987, wanda har yau ake karantar da shi a sassan koyon aikin jarida da kimiyyar siyasa. Darasinsa ga ɗakin labarai shi ne editan da ke zaɓen labarin da zai hau gaba yana yin aikin siyasa, ko da kowace kalma a cikin labarin gaskiya ce.

Laifin wane ne?

Littafinsa na gaba, mai suna Is Anyone Responsible?, ya fito a 1991, kuma ya koma kan sigar da ake ba labari. Iyengar ya lura cewa ana iya kawo matsala guda ta hanya biyu. Ta farko ita ce a ɗauko mutum ɗaya a ba da labarinsa: wata uwa da ta kasa biyan kuɗin haya, ko wani magidanci da aka sallama daga aiki. Ta biyu ita ce a kawo faffaɗan bayani: yawan matalauta a ƙasa, masana'antun da aka rufe, sauyin da gwamnati ta yi wa tsarin tallafi. Da ya bi diddigin labaran talabijin na shekarun 1980, sai ya tarar siga ta farko ce ta fi yawa a rahotannin aikata laifuka da ta'addanci da talauci.

Daga nan ya gwada tasirin kowace siga. A batun talauci, waɗanda suka kalli labarin mutum ɗaya sun fi ɗora laifin a kan shi matalaucin, su ce lalaci ne ko rashin dabara. Waɗanda suka kalli faffaɗan bayani kuwa sun fi ɗora alhakin a kan gwamnati da yanayin tattalin arziki. Wannan ya saɓa wa abin da 'yan jarida da dama suka yi imani da shi, cewa nuna fuskar mai wahala shi ke sa a matsa wa hukuma. Sau da yawa akasin haka ke faruwa: idon jama'a ya tsaya a kan mutumin, masu mulki su sulale ba a tuhume su ba.

A 2000 shi da Franklin Gilliam sun wallafa wani gwaji a kan labaran aikata laifi na tashoshin birnin Los Angeles. Sun nuna wa mutane rahoto iri ɗaya, amma wasu aka saka musu hoton wanda ake zargi farar fata, wasu baƙar fata, wasu kuma babu hoton kowa. Fiye da rabin waɗanda ba a nuna musu kowa ba sun ce sun tuna sun ga wanda ake zargi, kuma mafi yawan waɗannan sun ce baƙar fata ne. Yawan maimaita labari a siga ɗaya ya sa ƙwaƙwalwar mai kallo tana cike gurbin da kanta.

Inda aka ƙalubalance shi

Ba duk abin da ya gano ne ya tsaya da ƙafafunsa ba. A 1995 shi da Stephen Ansolabehere sun fitar da littafin Going Negative, kan tallace-tallacen ɓatanci da 'yan takara ke sakawa a talabijin. Sun shirya talla iri biyu da hotuna iri ɗaya, ɗaya tana yabon ɗan takara, ɗaya tana sukar abokin hamayyarsa, suka cusa su cikin labarai. Sun ba da rahoton cewa tallar suka tana rage niyyar fita zaɓe da kusan kashi 5 cikin 100, musamman a tsakanin waɗanda ba su da jam'iyya.

Maganar ta karɓu a wurin 'yan jarida, amma wasu masana suka bi ta da nasu binciken. Richard Lau da abokan aikinsa sun tattara sakamakon bincike fiye da 100 a wata maƙala ta 2007, suka ce babu tabbatacciyar hujja cewa yaƙin neman zaɓe na ɓatanci yana hana mutane fita kaɗa ƙuri'a, ko da yake yana ɗan rage amincewar jama'a da gwamnati. A yau yawancin masana sun fi karkata ga wannan matsayi. Haka aikin jami'a yake tafiya: mai bincike ya bayyana hanyar da ya bi dalla-dalla, takwarorinsa su tace kafin mujalla ta buga, wasu kuma su sake gwadawa su ga ko za su samu abin da ya samu. Girman suna ba ya kare kowa daga wannan.

Da tashoshi suka yawaita

Duniyar da aka yi gwaje-gwajen farko a cikinta ba ta daɗe ba. An buɗe CNN a 1980. A 1987 hukumar kula da kafofin sadarwa ta Amurka ta soke ƙa'idar da ta wajabta wa gidajen rediyo da talabijin jin ta bakin kowane ɓangare a batutuwan da ake taƙaddama a kai, shekara guda bayan haka shirin Rush Limbaugh mai zafin ra'ayin mazan jiya ya fara karaɗe ƙasar. A 1996 aka buɗe Fox News da MSNBC. Sai kuma intanet ta zo. Mai kallo da a da ba shi da zaɓi sai tashoshi uku masu kama da juna, yanzu yana iya zaɓen wadda za ta gaya masa abin da yake son ji, ko ya ƙaurace wa labarai gaba ɗaya ya koma wasanni da fina-finai.

Iyengar da Kyu Hahn sun gwada wannan a wani bincike da aka buga a 2009. Sun ɗauki labarai iri ɗaya, suka riƙa liƙa musu tambarin Fox ko CNN ko gidan rediyon NPR ko BBC ta hanyar ƙuri'a, suka bar mutane su zaɓi wanda za su karanta. 'Yan Republican suka yi ta bin tambarin Fox suna guje wa CNN da NPR, 'yan Democrat kuma suka yi akasin haka. Abin mamaki, bambancin ya bayyana har a labaran da ba ruwansu da siyasa, kamar na yawon buɗe ido. Tambarin ya zama alamar "namu" da "nasu". Shekara guda kafin wannan, shi da Lance Bennett sun rubuta maƙala suna tambayar ko an sake komawa zamanin da kafofin labarai ba su iya sauya ra'ayin kowa, tun da kowa ya zaɓi mai yi masa magana. Mutumin da ya yi suna wajen rushe wancan tsohon ra'ayi shi ne ya fara cewa ƙila yanayi ya sake ba shi gaskiya.

Rabuwar zukata

A daidai wannan lokaci masana suna tafka muhawara kan ko Amurkawa sun rabu da gaske. Morris Fiorina, wanda shi ma malami ne a Stanford, ya ce 'yan siyasa ne suka yi nisa da juna, amma talakawa yawancinsu suna tsaka-tsaki a batutuwa irin su haraji da zubar da ciki. Alan Abramowitz na Jami'ar Emory ya ce a'a, masu bin siyasa sau da ƙafa sun rabu ƙwarai. Dukansu biyu matsayin mutane kan manufofi suke aunawa.

Maƙalar 2012, wadda Iyengar ya rubuta tare da Gaurav Sood da Yphtach Lelkes, ta ce ana neman abin a inda ba ya nan. Suka ɗauko ra'ayin Henri Tajfel, masanin da ya nuna a birnin Bristol na Ingila a farkon shekarun 1970 cewa ko da an raba yara 'yan makaranta gida biyu a kan dalilin da bai kai ya kawo ba, kowane yaro zai fifita 'yan rukuninsa wajen rabon lada. Idan haka ne, jam'iyya ma tana iya zama wa mutum kamar ƙabila, ya so nasa ya ƙi na waje ko da bai san manufofin kowa ba.

Hujjarsu ta fito ne daga wani dogon bincike da ake yi wa masu zaɓe a Amurka duk lokacin zaɓe, inda ake ce wa mutum ya ba kowace jam'iyya maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon yadda zuciyarsa ta kwanta da ita. Makin da mutane ke ba jam'iyyarsu bai sauya sosai ba, yana kewayen 70. Makin da suke ba ɗaya jam'iyyar ne ya yi ta faɗuwa. Tazarar da ke tsakanin makin biyu ta tashi daga kusan 23 a 1978 zuwa kusan 41 a 2016. Ma'ana, ƙaunar gida ba ta ƙaru ba, ƙin na waje ne ya ƙaru.

A 2015 shi da Sean Westwood suka matsa gaba, suka duba ko ƙiyayyar tana fita daga baki ta shiga aiki. Sun ba mutane takardun ɗalibai biyu su zaɓi wanda ya cancanci tallafin karatu, aka saka alamar jam'iyya a cikin bayanan kowane ɗalibi. Kusan kashi 80 cikin 100 na 'yan kowace jam'iyya suka zaɓi nasu, kuma yawancinsu ba su sauya ba ko da ɗalibin ɗaya ɓangaren ya fi maki. A wasannin gwaji da ake ba mutum kuɗi ya yanke nawa zai miƙa wa wanda bai sani ba, an fi rowa ga ɗan wata jam'iyya. A waɗannan gwaje-gwaje wariyar jam'iyya ta zarce ta launin fata, a ƙasar da tarihinta ke cike da wariyar launin fata. Bayanin da suka bayar shi ne al'umma tana kunyata mai nuna ƙin wani jinsi a fili, amma babu mai kunyata wanda ya zagi 'yan wata jam'iyya, shugabanni ma su ke ba da misali.

Me ya jawo haka?

Ruwa ba ya tsami banza, kuma masana sun kawo dalilai da dama. Na farko shi ne yadda jam'iyyun biyu suka tace kansu. Kafin dokar 'yancin jama'a ta 1964, akwai masu ra'ayin mazan jiya da yawa a Democrat, musamman a kudancin ƙasar, akwai kuma masu sassaucin ra'ayi a Republican. Sannu a hankali kowa ya koma inda ya dace da shi. Lilliana Mason ta nuna a littafinta na 2018 cewa yanzu addini da launin fata da zama a birni ko ƙauye duk sun jeru a bayan jam'iyya, ta yadda faɗuwa zaɓe kan zama wa mutum kamar an kayar da duk abin da yake taƙama da shi. Iyengar da abokan aikinsa sun kuma nuna cewa ma'aurata masu jam'iyya ɗaya sun ƙaru idan aka kwatanta da shekarun 1960, don haka yara suna tashi a gidan da ba a jin muryar ɗaya ɓangaren.

Na biyu shi ne jahiltar juna. Douglas Ahler da Gaurav Sood sun tarar a binciken da suka buga a 2018 cewa Amurkawa suna zaton kashi 38 cikin 100 na 'yan Republican suna samun fiye da dala 250,000 a shekara, alhali ainihin adadin kusan kashi 2 ne. Da aka gyara wa mutane irin wannan kuskure, ƙyamar da suke yi wa ɗaya ɓangaren ta ɗan ragu.

Shafukan sada zumunta fa? Nan hujja ba ta kai yadda ake zato ba. Levi Boxell da Matthew Gentzkow da Jesse Shapiro sun gano a 2017 cewa rabuwar ta fi ƙaruwa a tsakanin waɗanda suka haura shekara 65, wato rukunin da ya fi kowa ƙarancin amfani da intanet. Gwaje-gwajen da aka yi da haɗin gwiwar kamfanin Meta lokacin zaɓen 2020, aka buga a 2023, sun sauya abin da dubban masu amfani da Facebook da Instagram ke gani har tsawon wata uku, amma ba a ga wani sauyi na a zo a gani a matsayinsu na siyasa ba. Wannan bai wanke shafukan ba, domin wata uku ba shekara goma ba ce, sai dai ya nuna bangon ya tsage tun kafin ƙadangaren ya iso.

Masu gyara masa zance

Kamar yadda aka yi wa littafin 1995, an bi wannan aikin ma da tsefewa. Samara Klar da Yanna Krupnikov da John Barry Ryan sun nuna cewa da yawa daga masu cewa ba sa son suruki ɗan wata jam'iyya, ainihin abin da suke gudu shi ne surukin da zai dame su da maganar siyasa. Da aka ce musu ba ya yawan maganarta, ƙin ya ragu. James Druckman da Matthew Levendusky sun gano cewa idan aka ce wa mutum ya ba wata jam'iyya maki, shugabanninta yake tunawa fiye da talakawan da ke zaɓenta. David Broockman da Joshua Kalla, tare da Westwood kansa, sun yi gwajin da ya rage wa mutane ƙin ɗaya jam'iyyar, amma hakan bai sauya matsayinsu kan karya ƙa'idojin dimokuraɗiyya ba.

Bayan harin da magoya bayan Donald Trump suka kai ginin Majalisar Dokoki ranar 6 ga Janairun 2021, tambayar ko ƙiyayya tana kai wa ga zubar da jini ta daina zama ta cikin aji kawai. Binciken da Iyengar da tsofaffin ɗalibansa suka ci gaba da yi ya nuna cewa 'yan ƙalilan ne a kowace jam'iyya ke goyon bayan tashin hankali na siyasa, sai dai kowane ɓangare yana zaton ɗaya ɓangaren ya fi haka mugunta nesa ba kusa ba. Hatsarin yana cikin wannan zato, da kuma shugabannin da ke cin riba da shi.

Ya tsaya a Amurka ne?

Bai kamata a ɗauki sakamakon Amurka a shimfiɗa wa kowace ƙasa ba. Boxell da abokan aikinsa sun kwatanta ƙasashe 12 masu arziki cikin kusan shekara 40, suka tarar Amurka ce ƙiyayyar ta fi ƙaruwa, yayin da ta ragu a ƙasashe irin su Jamus da Norway da Sweden, duk da cewa su ma suna da intanet. Tsarin jam'iyyu biyu rak, waɗanda suka haura shekara 150, yana sa mutum ya gaji jam'iyya kamar yadda yake gadon sunan gida. Inda 'yan siyasa ke sauya sheƙa kowane zaɓe, kamar yadda aka saba gani a Najeriya, biyayyar takan fi bin mutum ko yanki ko addini, don haka dole ma'aunin ya sauya.

Amma hanyar gwajin ta yi aiki a Afirka ta Yamma. Jeffrey Conroy-Krutz da Devra Moehler sun yi amfani da motocin haya da ake kira trotro a birnin Accra gabanin zaɓen Ghana na 2012. Ta hanyar ƙuri'a aka sa wasu direbobi su kama tashar da ke goyon bayan gwamnati, wasu ta 'yan adawa, wasu tashar da ba ta da ɓangare, wasu kuma su kashe rediyo. Da aka tambayi fasinjoji bayan sun sauka, waɗanda suka saurari tashar ɓangarensu ba su ƙara zafi ba, waɗanda suka saurari ta abokan hamayya kuwa sun ɗan sassauto. A Amurka kuwa, gwajin da Christopher Bail da abokan aikinsa suka yi a Twitter, aka buga a 2018, ya nuna 'yan Republican da aka riƙa turo musu saƙonnin ɗaya ɓangaren tsawon wata guda sun ƙara tsanantawa. Jin ta bakin abokin hamayya yana iya zama magani a wani wuri, ya zama ƙarin gishiri a ciwo a wani wurin. Ya danganta da nisan da rabuwar ta riga ta yi.

Abin da mai karatu zai riƙe daga wannan dogon aiki tambayoyi ne da zai yi wa kansa duk lokacin da ya buɗe jarida ko ya kunna rediyo. Wa ya zaɓi wannan labari ya sa shi a gaba, kuma wane labari aka bari a baya? An nuna mini mutum ɗaya ne, ko an nuna mini abin da ya jefa dubbai irinsa cikin halin da yake ciki? Abin da nake ji game da magoya bayan wancan ɗan takara, daga manufofinsu ya fito ko daga hoton da aka zana mini nasu? Dimokuraɗiyya ba ta tafiya sai da saɓani, domin shi ne dalilin yin zaɓe tun farko. Alƙaluman Iyengar sun nuna cewa a cikin shekara 50 ƙasa tana iya tashi daga inda mutum 1 cikin 20 ke ƙin surukin wata jam'iyya zuwa inda kusan rabin 'yan jam'iyya guda ke ƙinsa, ba tare da an yi wata rana guda da za a nuna a ce ga ranar da abin ya faru ba.